Arlit: Tashar Jirgin Ruwa a Tsakiyar Rairayi

In aka ce "birnin da aka ƙwato wa fili", hankali Legas yake tafiya, inda Turawan Ingila suka cike fadamun Apapa da yashi don jirage su samu wurin lodi. To mu nan arewacin Agadas ba mu da teku, amma an yi mana irin wannan aikin. Daga hamada aka ƙwaci namu filin.

Kafin 1969 babu garin Arlit, sai makiyaya Abzinawa da raƙumansu. Faransawa suka gano uraniyom, aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ma'adinin a 1971. COMINAK ta biyo a 1974, ita kuma ta gina Akokan. Nijar ta samu 'yancin kai tun 1960, amma zanen garin na zamanin mulkin mallaka ne sak: unguwar manyan ma'aikata daban, ta leburori daban, ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, wuta daga gawayin Cirozerin. Titin kwalta zuwa Tawa ma don kaya aka shimfiɗa shi, su sauka har tashar Kwatano, su wuce Faransa. Gari ne da aka gina fuskarsa na kallon teku.

Abin da ya fi jan hankalina sunaye ne. Unguwar kamfani "site" ake ce mata, kalmar Faransanci. Inda sauran jama'a suka sauka, masu neman aiki da waɗanda farin 1973 da na 1984 ya kashe wa dabbobi, sunansa Bukoki. Jam'in bukka ke nan, ba wani ɓoye-ɓoye. Babu injiniyan da ya zana Bukoki. Da tabarma da kwali da tsoffin durom aka tayar da ita, daga baya laka ta shigo, har ta haɗiye garin da ake yi wa kirari da "Faris ta biyu". Wai Faris!

Shi ma cikon akwai shi. Tarkacen duwatsun da aka fitar daga rami an zuba su a wasu tituna, kuma a 2007 masu bincike na CRIIRAD suka auna tururin guba mai yawa a kan titin Akokan. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ta bar tudun sharar ma'adini kusan tan miliyan 20 kusa da gidajen mutane.