Me ke ɓatar da Kaduna da rana, ya maido ta da magariba?

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, na gida da na bakin bida. Duk wanda ya tashi gidan da ke da akwatin rediyo ya san wannan: da hantsi a murɗa matsakaicin zango, ba ka jin komi sai shuuu. Ana kiran sallar magariba, sai ga Kaduna ta shigo raɗau, Shata na waƙa kamar a ƙofar gida. Tsofaffinmu cewa suke rana ce ke cinye maganar. Muna yara mukan yi musu dariya, ashe su ke da gaskiya.

A sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90 daga ƙasa, akwai wani rufin iska da hasken rana ke caza wa. Muddin rana na sama, shi ke shanye igiyoyin matsakaicin zango kafin su yi nisa. Rana na faɗuwa sai ya watse, igiyoyin su haura zuwa wani rufin da ke can sama da shi, ya tanƙwaro su ƙasa, su sauka ɗaruruwan kilomitoci daga inda suka taso. Turawa ma sun daɗe suna gardama a kai. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo daga Ingila zuwa wancan gefen tekun Atlantika, babu mai iya cewa ta yaya, sai a 1924 Edward Appleton ya tabbatar da cewa rufin na nan.

Har yau akwai masu sha'awar saurare a ƙasashen bakin teku da ke farautar ƙananan na'urorin da masunta ke ɗaura wa ragarsu don kar ta ɓace musu cikin ruwa. Na'urar kan aika ɗan tsiwa-tsiwa a kusa da ƙarshen matsakaicin zango. Da dare ana kama ta daga nesa, da rana kuwa sai wanda ke kusa da gaɓa, don ruwan gishiri na ɗaukar igiya fiye da busasshiyar ƙasa. Mu da teku akwai fiye da kilomita 800, ga yashi ga duwatsu, don haka farautarmu ta muryoyin mutane ce.

Kuma mun yi ta. BBC ta soma Hausa ranar 13 ga Maris 1957, Rediyon Nijar ta buɗe a Yamai a 1958 kafin ta koma Muryar Sahel, Kaduna ta biyo a 1962, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. A 1962 ɗin aka kafa ƙungiyar Radio-Club ta Nijar: a tara mutanen gari gaban akwati guda, sau da yawa malamin lakkwal ke jagora, a saurari shiri, a tattauna, a naɗi ra'ayin manoma a aika Yamai. Daga baya ƴan bida suka yi ta dawowa daga Abijan da Kano da akwatinsu a saɓe, an ɗinka masa riga don ƙura.

Abin da ya fi burge mu a wannan zamanin shi ne ilimin da mutane suka tara ba tare da allo ba. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya san labaran safe na Landan a mita 41 ko 49 ake neman su, na ƙarfe 3 na rana sai an hau mita 16 ko 13, da dare a sauko kuma. Dalilin ɗaya ne da na Kaduna: rufin nan na rana ya fi cin dogayen mitoci, gajerun su ratsa shi su wuce. Ya san in damina ta kama tsawa za ta cika akwati da ƙaras-ƙaras tun hadari na nesa. Ya san a ɗaura waya a eriya a jefa bisa bedi, a shanya pil a rana don ya ƙara kwana biyu (wannan kam ba mu ce yana aiki sosai ba, amma kowa ya yi). Da yawa ba su ma san muryar da suke kira ta Landan daga tsibirin Ascension take tasowa ba, tsakiyar teku, inda BBC ta kafa tasha a 1966.

FM ta zo cikin shekarun 1990 da tashoshi masu zaman kansu, sai rediyon karkara tun daga ta Bankilare a 1999. Murya tas, da harshenmu, da sanarwar suna da ta dabbar da ta ɓace. Sai dai FM ba ta komawa sama ta dawo, miƙe take tafiya kamar hasken cocila. Mutanen kwarin Maggiya da ƙauyukan bayan duwatsun Keita da Buza sun sani: garin da ke kan tudu ya ji, na gindin dutse ya rasa. Duk da haka yawancinmu muka jingine gajeren zango, yaranmu kuwa ba su san mene ne mita 16 ba.

A watan Agusta 2023 hukumomi suka dakatar da RFI a Nijar, a Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, a Maris 2025 kuma gwamnatin Amurka da kanta ta rufe bakin Muryar Amurka. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ya bayyana shi ne tashar FM a rana ɗaya ake kashe ta, intanet kuma sai da kuɗin data da rezo mai kyau. Wanda ya adana tsohon akwatinsa mai SW, ya kuma tuna mitar safe da ta rana, shi aka koma tambaya a majalisa bayan isha'i.

In akwai irin wannan akwati a ɗakin baba ko kaka, a kakkaɓe shi a sa pil, a gwada da azahar a sake gwadawa bayan magariba. Ku rubuto mana sunan garinku da tashoshin da kuka kama a kowane lokaci, musamman ku na cikin kwari.