Rigimar 2011: Yadda Fuskar Linux Ta Rabu Gida-Gida

Jiya wani yaro ya kawo gyaran waya, ya leƙa kwamfutata ya ce, "Oga, wannan wace irin Windows ce?" Na ce masa Linux Mint ce. Bari in ba ku tarihinta a taƙaice.

Linux kanta kamar inji ce. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Finland, kuma ita ce a ƙarƙashin Android ɗin da ke hannunka yanzu. Abin da ido ke gani, wato menu da foldoji da maɓallai, wani abu ne daban, kamar dai launcher a waya. Kana iya canza shi inji yana nan.

A 1996 Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus. Wasu ba su gamsu da lasisin Qt da aka gina ta a kai ba, sai Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan Meziko, suka fara GNOME a 1997. Da Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, GNOME 2 ya ɗora mata, mutane suka saba da ita sosai.

Sai Afrilun 2011. GNOME 3 ta fito, an cire layin ƙasa mai nuna manhajojin da ka buɗe, har maɓallin minimize babu. A watan kuma Ubuntu ta koma wata fuskar mai suna Unity. Ka kwana da ɗakinka, ka tashi an sauya wa kowane kaya wuri! Shi kansa Torvalds sai da ya yi fushi ya koma Xfce na wani lokaci.

To a nan daɗin Linux yake: tunda lambobinta a buɗe suke, wanda bai yarda ba sai ya kwafa ya kama hanyarsa. Wasu suka ci gaba da GNOME 2 da sunan MATE. Su Clement Lefebvre na Linux Mint suka ƙirƙiro Cinnamon, mai menu a ƙasa irin na Windows. A 2017 Ubuntu da kanta ta ajiye Unity ta dawo GNOME.

Ni dai Mint mai Xfce nake amfani da ita, don laftof ɗina tsoho ne, RAM 4GB. Ba ta cin RAM, kuma adb da fastboot na aiki ba tare da wahalar direba ba. Amma gaskiya yawancin manhajojin filashin na Windows ne, shi ya sa na bar Windows a gefe guda na hadis.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Kafin ka sayar da taka a banza, saka Mint a filash ka gwada ta ba tare da ka goge komai ba. In za ka girka ta kuwa, fara kwashe fayilolinka tukuna.