Daga Paris Zuwa Finlan: Asalin Ƙa'idojin Shan Maganin Taɓin Hankali

Duk iyalin da suka taɓa raka ɗan'uwansu wurin likitan ƙwaƙwalwa sun san gargaɗin da ake jerawa kafin a miƙa magani: kada a daina sha kwatsam, a dawo gwajin jini ranar da aka sa, a garzayo asibiti idan zazzaɓi ya kama shi. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin tsirfar ma'aikatan asibiti. Alhali kuwa kusan kowace ƙa'ida a cikinsu tana da ranar da aka kafa ta, wasu ma sai da aka binne mutane kafin a gano su.

Kafin shekarar 1950 babu wani magani da ke kwantar da ruɗewar tunani ko jin muryoyin da babu su. Cikin abin da manyan asibitocin Turai da Amurka suke da shi akwai kulle da ɗauri, da allurar insulin da ake sumar da mutum da ita, da kuma tiyatar yanke wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, wadda ta sa aka ba Egas Moniz na Portugal lambar Nobel a 1949. Mai karatun da ya san gidan mari ba zai ga wannan zamani baƙo ba.

A watan Disamba na 1950 wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Paul Charpentier, a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, ya haɗa sinadarin da daga baya aka sayar da sunan Largactil. Ba don masu taɓin hankali aka yi shi ba. Likitan tiyata na sojan ruwa, Henri Laborit, shi ne ya lura cewa waɗanda ya ba kafin a yi musu aiki sukan natsu, fargaba ta bar su, ba tare da sun suma ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke Paris, sai ga ɗakunan da aka san su da ihu sun yi tsit, ga waɗanda suka shekara ba sa magana mai ma'ana suna tambayar labarin gida. Maganin ya shiga Amurka a 1954 da sunan Thorazine. A 1955 mutanen da ke tsare a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin ƙasar sun haura dubu 550, daga nan adadin ya fara sauka, ko da yake canjin dokoki da na kasafin kuɗi su ma sun taka rawa.

A wannan shekara ta 1954 ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: mara lafiya ya zauna a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa da zai dafa masa abinci, ya raka shi asibiti da rana. Wato tun farkon zamanin waɗannan magunguna aka gane a Najeriya cewa idon ɗan'uwa wani ɓangare ne na jinya.

Murna ba ta daɗe ba illoli suka fara bayyana. Largactil, da Haldol wanda kamfanin Janssen na Beljiyam ya haɗa a 1958, suna toshe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, shi kuwa wannan sinadari yana da hannu a sarrafa motsin jiki. Sai aka riƙa ganin sanƙarewar gaɓoɓi, da karkarwar hannu, da tafiya ana jan ƙafa, da kasa zama wuri ɗaya. Mafi muni shi ne motsin leɓe da harshe da ke zuwa bayan an shekara ana sha, wanda wani lokaci ba ya barin mutum ko an daina maganin. A 1960 Delay da abokan aikinsa suka bayyana wata illar da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa: zazzaɓi mai zafi haɗe da sanƙarewar jiki da gushewar hayyaci. A ganina laifin likitocin wancan zamani bai wuce yawan da suke bayarwa ba, domin da yawansu sun ɗauka sai jiki ya sanƙare sannan magani ya kama. Daga wannan kuskure aka samo ƙa'idar yau ta neman mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki. Ƙwayar Artane da ake haɗawa don sassauta sanƙarewa ita ma ba abin wasa ba ce; irinta ce wasu matasa a Arewa suke sha don maye da sunan Exol, don haka a adana ta inda hannu ba zai kai ba.

Labarin da ya fi kowanne darasi shi ne na kilozafin, wanda ake sayarwa da sunan Leponex ko Clozaril. Kamfanin Wander na Suwizalan ne ya haɗa shi a 1958, aka daɗe ana yi masa kallon raini saboda ba ya sanƙarar da jiki. Ya shiga kasuwannin Turai a farkon shekarun 1970. A 1975, 'yan watanni bayan an fara amfani da shi a Finlan, likitocin ƙasar suka ba da rahoton mutum 16 da fararen ƙwayoyin jininsu suka kusa ƙarewa, 8 daga ciki suka rasu. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan suka ƙare, ciwon maƙogwaro kaɗai yana iya kai mutum kabari. Nan da nan aka janye maganin a ƙasashe da dama.

Amma akwai marasa lafiyar da ba abin da ya taɓa yi musu aiki sai shi, kuma da aka raba su da shi ciwonsu ya dawo sabo. Likitoci a wasu ƙasashen Turai suka ci gaba da ba da shi bisa sharaɗin gwajin jini, domin an gano cewa idan aka kama faɗuwar ƙwayoyin da wuri aka tsayar da maganin, jini kan farfaɗo. A 1988 John Kane da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa binciken da ya sauya hukunci. Sun ɗauki masu cutar sikizofireniya waɗanda wasu magunguna suka kasa, cikin mako shida kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka ba kilozafin suka samu sauƙi, a kan kashi 4 kacal na waɗanda aka ba Largactil. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989, ya shiga kasuwa a 1990 da doka mai tsauri: ba gwajin jini, ba magani. A Ingila aka tsara gwaji kowane mako har tsawon mako 18 na farko, domin a watannin farko ne haɗarin ya fi yawa. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne wannan illa ke samu.

Shekaru sun ƙara wa jerin wasu abubuwa da iyali ne suka fi kowa damar lura da su. Kilozafin yana kawo taurin bayan gida wanda kan kai ga toshewar hanji, kuma mara lafiya bai cika faɗa ba sai an tambaye shi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da shi, saboda haka wanda ya daina shan taba kwatsam maganin kan taru a jininsa. A sanar da likita kafin a daina. Sababbin magunguna irin su Zyprexa, da ya fito a 1996, sun rage sanƙarewa amma sun zo da ƙiba da hawan sukari, shi ya sa ake auna nauyi da sukarin jini lokaci lokaci.

Dainawa kwatsam kuwa, ko don an ga sauƙi ko don kuɗin saye ya yanke, ita ce hanya mafi sauri ta dawowar ciwo. Ga mai shan kilozafin akwai ƙarin sharaɗi: idan ya wuce awa 48 bai sha ba, ba a komawa kan tsohon adadin, domin hawan jini na iya faɗuwa har ya yanke jiki ya faɗi. Sai a koma wurin likita ya sake farawa daga ƙaramin adadi, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.