Asalin Haɗa 'Yan Jiragen Yaƙi Na Roba

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da tambaya: wai me ya sa dattawan Turawa ke ɓata lokacinsu wajen haɗa 'yan jiragen yaƙi na roba?

To malam, tun 1936 ake sayar da irin waɗannan jirage a Ingila gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa da gam. Amma yaƙin Hitila ne ya ba abin muhimmanci. Jirgi in ya taso daga nesa, sojan da ke riƙe da igwa dole ya gane nan take ko nasu ne ko na abokan gaba. In ya yi kuskure, ko ya harbo ɗan'uwansa, ko bom ya sauka a kansa.

Saboda haka a 1942 rundunar ruwan Amurka ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa mata 'yan jirage 500,000 na katako, a shafe su da baƙin fenti, sojoji su riƙa koyon siffarsu. Awon kuwa, inci 1 a madadin ƙafa 6.

Bayan yaƙi, kamfanin Airfix na Ingila, wanda a 1949 ya yi 'yar taraktar Ferguson ta roba, ya fitar da jirgin Spitfire a wannan awo, faɗinsa kamar inci 6. Yaran wancan zamani suka rungumi abin, wasu har tsufa ba su bari ba, suka kuma koya wa 'ya'ya da jikoki. Ka ji asalin abin, malam.