Maƙalar Mako: Mutumin Da Ya Sauko Ya Tarar Babu Ƙasarsa

Mun sha jin ana cewa wai wanda ya je sararin samaniya ba ya tsufa, har wasunmu sun fara saka maganar a labaransu. Kafin mu ɗora alƙalami a kanta, bari mu bi asalinta.

Tushenta daga Albert Einstein ne. A 1905 ya nuna cewa agogon da ke tafiya da matsanancin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da wanda aka bari a wuri ɗaya. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin da duniya ke janyo abubuwa da shi ma yana rage wa lokaci sauri, don haka agogon da ya yi nisa da ƙasa ya fi hanzari. A 1971 masana biyu a Amurka, Hafele da Keating, suka ɗora agogunan atom a jiragen fasinja suka zagaya duniya. Bambancin da suka samu ya dace da lissafin.

Tashar ISS tana kimanin kilomita 400 a sama, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Gudun na jinkirta lokaci, tsayin na hanzarta shi, amma gudun ne ke rinjaye. Ribar wata 6 a can ba ta wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba.

Mu dubi Sergei Krikalev. Ya tashi zuwa tashar Mir a Mayun 1991 yana ɗan Tarayyar Sobiyet. Ya sauko a Maris ɗin 1992 bayan kwana 311, ya tarar tarayyar ta wargaje, garinsu Leningrad ya koma St. Petersburg. A dukan tafiye-tafiyensa ya yi kwana 803 a sama, abin da ya rage na tsufa kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ne. Jiki ma wahala yake sha: ƙashi na zaizayewa, tsoka na saki, sai da motsa jiki na kusan awa 2 kullum.

Saboda haka idan muka sa jaruminmu ya yi shekara ɗaya yana zagaya duniya, ya dawo ya tarar da sa'anninsa da furfura, mun yi wa mai karatu ƙarya, kuma ɗalibin kimiyya zai kama mu. Sai jirgin ya kusanci gudun haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, hakan zai yiwu. Wanda ya rubuta irin wannan labari ya ajiye mana shi a ƙasa mu duba tare.