Matso Kusa: Yadda Kyamara Ta Koyi Nutso

Ranar da na fara ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, a Bahar Maliya kusa da birnin Port Sudan, na fito ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Da idona na ga jan murjani da kifaye masu ruwan ɗorawa. Amma da na duba abin da kyamara ta kamo, sai na tarar da shuɗin hazo, kifayen kuma sun zama ɗige-ɗige can nesa. Na ɗora wa kyamarar laifi. Sai da na bi tarihin sana'ar sannan na gane cewa magabata sun yi wannan tuntuɓe tun sama da shekara 150, kuma duk dabarun da suka samo sun taru a kan abu guda, wato rage yawan ruwan da ke tsakanin mutum da abin da yake ɗauka.

A shekarar 1856 wani Bature mai suna William Thompson ya rufe kyamara cikin akwati, ya zura ta daga kwale-kwale zuwa ƙasan tekun Weymouth a kudancin Ingila. Ya bar idonta a buɗe na minti 10, ruwa ya kutsa cikin akwatin, abin da ya fito kuwa bai wuce dishi-dishin duwatsu da ciyawar teku ba. Thompson bai ga abin da yake ɗauka ba, balle ya zaɓi yadda zai tsara shi.

Wanda ya fara shiga ruwan da kansa shi ne Louis Boutan, masanin halittun teku ɗan Faransa, a garin Banyuls-sur-Mer daga shekarar 1893. Yakan sa kwalkwalin ƙarfe da takalman dalma, ana hura masa iska ta tiyo daga sama, ya kafa ƙaton akwatinsa a kan yashi. Saboda ƙarancin haske, wani hoton yakan ci kusan rabin awa. Duk da haka, a wurinsa tsarin hoto ya faro, domin shi ya fara tsayawa gaban abu ya yanke shawarar inda zai fuskanta. A 1900 ya wallafa littafi a kan wannan fanni.

Sai matsalar launi, wadda ita ce ta ci ni. Ruwa yana shanye hasken rana launi bayan launi. Ja ne ke fara ɓacewa, tun a zurfin kamar mita 5, ruwan lemo da ruwan ɗorawa su bi baya, har ya rage shuɗi kaɗai. A 1926 William Longley da Charles Martin suka tunkari wannan a tsibiran Dry Tortugas na jihar Filorida a Amurka. Sun ɗora garin maganisiyam a kan wani dandamali mai yawo a saman ruwa, idan na ƙasa ya danna kyamara sai garin ya tashi da walƙiya mai haske har ƙasan teku. Aiki ne mai haɗari, amma da shi aka sami hotuna masu launi na farko, waɗanda mujallar National Geographic ta buga a Janairun 1927.

Har zuwa lokacin mai hoto ɗaurarre ne, tiyo a ka, dalma a ƙafa. A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tukunyar da ake goyawa a baya, mutum ya sami damar yawo kamar kifi. Hans Hass ɗan Ostiriya ya yi nutso a ruwan Port Sudan a 1949 da 1950, a yankin da na yi nawa tuntuɓen, yana matsawa kusa da manyan kifaye maimakon ya hango su. Daga baya ya taimaka wajen tsara akwatin kyamara mai suna Rolleimarin. A 1963 kamfanin Nikon ya fitar da Nikonos, ƙaramar kyamara da ba ta buƙatar akwati, wadda aka gina bisa ƙirar Jean de Wouters ɗan Beljiyam.

Da aka matso kusa sai sababbin darussa suka bayyana. Shimfiɗaɗɗen gilashi yana karya haske, ya ƙara wa abu girma da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya kuma ƙuntata fili. Sai aka koma ga gilashi mai siffar ƙoƙo, wanda ke barin mutum ya tsaya dab da murjani amma ya kamo shi gaba ɗaya. An kuma lura cewa idan fitila na manne da kyamara, haskenta yakan dira a kan ƙurar da ke yawo cikin ruwa ya dawo, hoto ya cika da fararen ɗigo. Shi ya sa ake ɗora fitilu a kan dogayen hannuwa, su haska daga gefe. Ta fuskar tsari kuwa, an daina ɗaukar kifi daga sama, inda yake sajewa da yashi. Mai hoto yakan sauka daidai da idon kifin ko ƙasa da shi, ya ɗaga kyamara, shuɗin ruwa ya zama shimfiɗa a bayansa, ya kuma bar masa fili a gaban da ya dosa. David Doubilet ya yi fice da hotunan da rabinsu ke sama rabi ke ƙasa, sararin sama da ƙasan teku a fuska guda.

Da na koma ruwa da waɗannan darussa, na tarar akwai saura. Kifi ba ya jiran mai gaggawa, kuma fiffiken ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da yashi ko ya karya murjanin da ya shekara da shekaru yana girma. Dole mutum ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ya daidaita numfashi, ya matso ba tare da ya taɓa komai ba. Na shafe kusan minti 20 gaban wani ɗan kifi kafin ya juyo ya dube ni.

Wannan ƙwarewa ta wuce ado. A yau ɗumamar teku tana sa murjani ya yi fari ya mutu a wurare da dama, kuma masu bincike sukan jera tsohon hoto da sabo don auna abin da aka rasa. Gani ya kori ji, amma fa sai in hoton ya nuna launi da siffa yadda suke. Shuɗin hazon da na fara kamowa ba zai iya zama shaidar komai ba.