Rodos: Gundumar da Teku Ya Shata wa Iyaka

A kudu maso gabashin ƙasar Girka, dab da gaɓar Turkiyya, akwai tsibirin Rodos, mafi girma cikin tsibiran Dodekanisa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,400 ne. Dutsen Atabiros mai tsayin mita 1,215 yana yammacinsa, babban birnin kuma yana can ƙuryar arewa.

Haɗin kai ne ya haifi birnin. A shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), garuruwa uku, Lindos da Kamiros da Iyalisos, suka taru suka kafa shi. Daga baya tsibirin ya sha sauya iyayen gida. Mayaƙan Kirista na ƙungiyar Waliyyi Yohanna sun riƙe shi fiye da shekara 200, har Sarkin Musulmin Turkiyya Sulaiman ya ci shi da yaƙi a 1522. Italiya ta karɓe shi a 1912, sai yarjejeniyar Paris ta 1947 ta danƙa shi ga Girka.

Tsarin mulkinsa na yau ya samo asali ne daga garambawul ɗin Kalikratis, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2011. An rushe lardin Dodekanisa, aka raba shi gunduma huɗu: Rodos, Kos, Kalimnos da Karfatos, duka a ƙarƙashin yankin da ke da hedikwata a Ermufoli, can tsibirin Siros. Ƙananan hukumomi goma na tsibirin Rodos aka dunƙule su wuri guda.

Amma ba a haɗiye ƙananan tsibiran gundumar Rodos ba. Simi da Tilos da Halki da Kastelorizo, kowanne ya ci gaba da zaɓen magajin garinsa. Kastelorizo ta isa hujjar dalilin hakan. Tazararta da Rodos ta haura kilomita 100, alhali kilomita 2 kacal ne tsakaninta da Turkiyya. Dubban mutanen da ke cikinta a farkon ƙarni na 20 sun watse, da yawa zuwa Ostireliya, aka bar 'yan ɗaruruwa.

Wannan shawara ta yi daidai. In guguwa ta hana jirgin ruwa tashi, batun ruwan sha da makaranta da marar lafiya ba ya jiran amsa daga Rodos. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma tsibirin da aka raba da ikon yanke hukunci a gida, mutanensa ba sa daɗewa suke tattara kayansu.